Daga Ayarin Goro Zuwa Giyar da Ke Canja Kanta

Kafin Zangon Kumasi ya san rugugin inji, kukan jaki ya sani. Fatake ne suka cika shi bayan yaƙin basasar 1892 ya karya kasuwar Salaga, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, Bahaushe ya samu damar sayen goro a gindin bishiyarsa. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, daga baya manyan motoci suka sauke wa jakuna kaya. Inda mota ta sa ƙafa kuwa, bakanike na biye da ita.

Tun shekarun 1930 masu gyara suka fara taruwa kusa da tsohuwar ma'ajiyar makaman Turawa, wadda ta ba wurin sunan Magazin. Da aka mayar da su Suame, sunan ya bi su. Samarin Aboabo da Asawase da dama can suka koyi aiki, yaro ya daɗe yana wanke sifana yana miƙa wa maigida guduma kafin a bar shi ya taɓa giya. Giyar motar Bedford ta lokacin ba ta ɓoye ciwonta: a kwance ta, a ga haƙorin da ya cinye, a sauya.

Atomatik ce ta rikita lissafi. Kamfanin General Motors ya fito da ita a motocin Oldsmobile na 1940, amma ba ta cika titunan Kumasi ba sai da tsofaffin Corolla da Camry na Amurka suka riƙa sauka a tashar Tema. Ƙorafin direbobi kusan ɗaya ne: mota na bugu idan an sa giya, ko tana fizga lokacin da take canjawa.

A nan aka yi asarar da ke ba mutum takaici. An sha sauke giya mai lafiya a sayo wata, alhali robar da ke riƙe inji ce ta tsage. Ƙwararru sukan fara da man giya. Su zaro sandar awo, su duba ko ya ragu, ko jansa ya koma baƙi yana warin ƙuna, ko an zuba wanda ba nasa ba, domin giyar da ke shan mai nau'in WS ba ta son nau'in Dexron. Sannan su taka burki, su sa gaba su sa baya, wani na kallon ko injin yana zabura daga mazauninsa. Idan duk wannan lafiya, sai zargi ya koma kan ƙananan bawul na lantarki da ke raba mai a ciki, waɗanda datti kan toshe.

Tun 1996 motocin Amurka ke zuwa da kafar jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Shi ya sa yau a Magazin za a ga dattijo ya kasa kunne jikin mota, yaronsa da ya yi boko na zaune a kujerar direba yana karanto masa lambobin da na'urar ta nuna.