Saitin Silo: Tarihin Kanikancin Injin Gas a Ƙasar Gaya da Ajingi

Gafasa ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ajingi da ke gabashin jihar Kano, a cikin ƙasar Gaya wadda ta daɗe da shahara wajen sarrafa ƙarfe, domin kuwa tarihin baka na Kanawa yana danganta mazauna Dutsen Dala na farko da maƙeran da suka fito daga Gaya wajen neman tama, waɗanda ake kira zuriyarsu Abagayawa. Sana'ar kanikanci, wato gyaran injuna da motoci, baƙuwa ce idan aka kwatanta ta da ƙira, don ba ta shigo yankin ba sai a ƙarni na 20, amma ta zama ginshiƙin rayuwar manoman gero da dawa da gyaɗa da wake, waɗanda niƙansu da nomansu da kai amfaninsu kasuwa duk suka rataya a kan injin dizal, wanda jama'a suka fi sani da injin gas. Daga cikin matsalolin wannan inji, hawan silo ita ce ta fi bayyana yadda ilimin bakanike ya sauya, saboda amsar tambayar da take tayarwa ta canja fiye da sau ɗaya a cikin shekaru ɗari.

Silo, a bakin direbobi da kanikawa, shi ne juyawar da inji ke yi a lokacin da mota ke tsaye, giya tana firi, ƙafar direba kuma ba ta kan totur. A ƙananan motocin gas juyawar takan kasance tsakanin 700 da 900 a minti ɗaya idan inji ya ɗauki zafi, manyan motoci kuwa sukan sauka ƙasa da haka, don haka duk injin da ya zarce wannan iyaka ba tare da an taka shi ba ana cewa silonsa ya hau. Abin da ya raba injin gas da na fetur a nan shi ne, na fetur ana sarrafa gudunsa ne ta hanyar rage ko ƙara iskar da ke shiga, shi kuwa na gas yana shaƙar iska a wadace, ya matse ta har zafinta ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan a fesa mai ya kama da kansa ba tare da fulogi ba. Saboda haka gudun injin gas yana bin yawan abin da ke ƙonewa a cikinsa ne, kuma idan silo ya hau, tambayar da ke gaban bakanike ɗaya ce: wane ne ke ba injin man da ba a nema ba?

Injiniya Rudolf Diesel ya kammala injinsa na farko mai aiki sosai a birnin Augsburg na Jamus a 1897, sai dai injin ya daɗe yana aiki a masana'antu da jiragen ruwa kafin ya dace da mota, domin ana buƙatar na'urar da za ta auna ɗan ƙanƙanin mai ta tura shi da ƙarfi a daidai lokacin da ya kamata. Kamfanin Bosch ne ya fara ƙera irin wannan famfo da yawa a 1927, wanda kanikawa ke kira injekta, kuma a 1936 kamfanin Mercedes-Benz ya fitar da ƙaramar motar gas mai lamba 260D. A jikin injekta akwai wata na'ura da ake kira gwamna, wadda ta ƙunshi ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa idan juyawa ta ƙaru, da sifirin da ke mayar da su idan ta ragu, kuma wannan ja-in-ja tsakanin nauyi da sifirin shi ne ke matsar da sandar da ke buɗe wa mai hanya ko ta rufe. Da babu gwamna, injin gas ba zai tsaya a silo ba, ko dai ya mutu ko ya yi ta hawa har ya lalata kansa.

Isowar layin dogo Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa da ta biyo baya su ne suka jawo manyan motoci zuwa garuruwan da jirgi bai bi ta cikinsu ba, kuma ƙasar Gaya, wadda hanyarta zuwa birni ta ratsa Wudil, tana cikin wuraren da suka dogara da mota wajen fitar da buhunansu. Motocin farko na fetur ne, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu na gas suka riƙa maye gurbinsu sannu a hankali saboda ƙarfin ja da ƙarancin shan mai. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 aka buɗe masana'antun haɗa manyan motoci a Nijeriya, da suka haɗa da Steyr a Bauchi, da ANAMMCO mai haɗa Mercedes-Benz a Inugu, da NTM mai haɗa Fiat a Kano, sannan hukumar raya aikin gona ta KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, ta mayar da Gaya hedikwatar ɗaya daga cikin shiyyoyinta. Duk da haka, makarantar da ta fi kusa da ɗan ƙauye ita ce injin niƙa, musamman samfurin Lister na Ingila mai fistin ɗaya da ire-irensa da aka kwaikwaya a Indiya, saboda yana juyawa a hankali, sandar gwamnansa da sifirinta suna waje, yaro yana iya gani da idonsa yadda take ƙara mai idan an zuba hatsi, ta rage idan dutse ya yi sauƙi.

Koyon sana'ar ya bi tsarin da aka gada daga sauran sana'o'in hannu, inda uba ke kai ɗansa wurin maigidan gareji, yaron ya fara da wanke ƙarafa da miƙo sifana, ya shekara yana kallo kafin a bar shi ya kwance wani abu shi kaɗai. Da tafiya ta yi nisa aikin ya rarrabu, aka sami mai inji da mai wayarin da mai lagireto da mai injekta, kuma wannan na ƙarshe ya fi kowa tsada da ƙaranci, domin daidaita man da kowane fistin ke samu yana buƙatar injin gwaji da ba a cika samu ba sai a manyan garuruwa. Wannan nisa tsakanin ƙauye da birni ya koya wa bakaniken karkara wata ƙa'ida mai daraja, wato kada ya cire injekta sai ya tabbatar laifin ba a wajenta yake ba, tun da cire ta na nufin kwana da kwanaki mota na ajiye, ga kuɗin zuwa Kano, ga na kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Binciken yakan fara ne daga ƙafar direba, a duba ko tabarmar ƙasa ta danne totur, ko wayarsa ta yi tsatsa ta cije, ko sifirin da ke dawo da shi ya saki. Daga nan bakanike yakan zare wayar daga hannun injekta baki ɗaya, kuma idan silo ya sauka nan take an gane cewa laifin na waya ne, idan kuma bai sauka ba sai a duba ko hannun yana komawa ya zauna a kan kusar silo, da kuma ko wani ya taɓa murɗa kusar don ɓoye karkarwar tsohon inji. Mataki na gaba shi ne na'urar da ke ɗaga silo lokacin sanyi, wadda a motoci da yawa take aiki da zafin ruwan lagireto, ta saki hannun injekta idan inji ya ɗumama. A nan al'adar cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗauki zafi, takan haifar da matsala, domin injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safiyar hunturu, silo kuma ya ƙi sauka. Sai an kawar da waɗannan duka ake zargin cikin injekta, inda ruwa ko ƙura a cikin gas kan sa sandar mai ta cije, ko gwamna ya tsufa, ko iska ta shiga layin mai ta sa inji yana hawa yana sauka.

Akwai nau'in hawan silo da ya fi kowanne haɗari, wanda ke faruwa idan inji ya fara cin baƙin mansa, ko dai saboda turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ta fara yoyon mai, ko saboda an cika baƙin mai ya wuce geji, ko kuma ringin fistin ya mutu har tururin mai yana bin hanyar iska. Tun da wannan mai bai bi ta injekta ba, gwamna ba shi da iko a kansa, kuma kashe makulli ba ya tsayar da injin, sai dai a toshe masa bakin iska da katako ko faranti mai ƙarfi, ba da hannu ba, ko a sa babbar giya a danne burki a saki kuloci. Alamunsa na farko su ne hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa, da maiƙo a cikin bututun iska, da raguwar baƙin mai ba tare da ɗiga a ƙasa ba, kuma bakanike mai lura yakan tsayar da mota tun a wannan mataki.

Bayan faɗuwar darajar Naira da ta biyo tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, sababbin motoci suka fi ƙarfin yawancin jama'a, aka koma ga na hannu da ke shigowa daga Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, kuma da su ne sabon fasali ya iso. A 1997 aka fara sayar da ƙananan motocin gas masu bututun mai na tarayya, inda famfo ke tara mai da matsi mai tsanani a bututu guda, kwamfutar mota kuma, wadda kanikawa ke kira birenbos, ta riƙa buɗe kowane nozul, wato bakin da ke fesa mai, da lantarki. A irin wannan mota babu waya tsakanin totur da inji, babu kusar da za a murɗa, domin kwamfuta ce ke yanke yawan mai bisa rahoton da sensa, wato ƙananan ma'aunai, ke aiko mata. Ma'aunin zafin ruwa da ya lalace yana iya gaya mata cewa inji na cikin sanyi, ma'aunin totur da ya rikice yana iya sa ta tsayar da juyawa a sama don kariya, haka nan takan ɗaga silo da gangan idan batir ya yi rauni, ko an kunna na'urar sanyaya mota, ko tana ƙone tokar da ta taru a matatar salansa. Tun daga 2004 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin ƙananan motocin gas kafar da ake jona na'urar bincike, wadda ke nuna lambar matsala da abin da kowane ma'auni ke faɗa.

Wannan sauyi bai soke ilimin da aka gada ba, domin tsarin farawa daga waje zuwa ciki, daga mai araha zuwa mai tsada, yana nan daram, kuma baƙin man da ke bin bututun iska ba ya fitowa a allon kowace na'ura sai hannu da ido sun gano shi. Abin da ya ƙaru shi ne buƙatar karatu da sanin lantarki, saboda lambar matsala tana nuna inda za a duba ne kawai, kuma wanda ya sayo sabon ma'auni alhali wayar lantarki ce ta tsinke ya jawo wa mai mota asara biyu. A yau tarakta da injin niƙa na tsohon fasali suna aiki kafaɗa da kafaɗa da motocin kwamfuta a Gafasa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya, don haka yankin yana buƙatar kanikawan da suka haɗa zamunnan biyu. Kusancinsa da kwalejin fasaha ta gwamnati da ke Wudil, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a garin a 2001, dama ce ta haɗa horon gareji da na aji, ta yadda manomi zai sami wanda zai gano masa laifin injinsa a kusa da gonarsa kafin damina ta wuce shi.