Karatun Japananci a jami'a: abin da ake koyarwa, bukukuwan da ake yi da hanyar shiga

Duk wanda ke zaune a Legas, Ibadan ko Fatakwal ya san kayan Japan ko da bai san ƙasar ba. Motocin Toyota ne suka cika titi, kayan gyaransu ne jibge a kasuwar Ladipo, Honda na da masana'anta a Ota ta jihar Ogun, farin magin Ajinomoto kuma a Apapa ake zuba shi a leda. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a jami'o'in duniya akwai fanni mai zaman kansa da ake kira nazarin Japan, mutum ya yi shekara huɗu yana karanta harshen ƙasar da tarihinta da al'adunta har ya fito da digiri. Ga bayanin fannin dalla-dalla, musamman don ƙannenmu da suka gama sakandare a nan Kudu suna neman inda za su sa gaba.

Mene ne nazarin Japan?

Fanni ne mai ƙafa biyu. Ƙafa ta farko harshe: ɗalibi ya iya karatu da rubutu da magana da Japananci. Ta biyu sanin ƙasar kanta: tarihi, adabi, addini, siyasa, tattalin arziki da zamantakewa. Wanda ya iya harshen kaɗai tafinta ne. Shi kuwa ɗan wannan sashe so ake ya iya ɗaukar jaridar Tokiyo ya karanta, ya kuma gane dalilin da ya sa mutanen suke tunani yadda suke yi.

Inda aka faro

Turawan Holan na cikin waɗanda suka fara, kuma da dalili. Sama da shekara 200 Japan ta rufe ƙofarta, cikin Turawa 'yan Holan kaɗai aka bari suna ciniki a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a Nagasaki. Shi ya sa Jami'ar Leiden ta naɗa farfesan Japananci na farko, Johann Joseph Hoffmann, tun 1855. A Faris kuma Léon de Rosny ya fara koyar da harshen a 1863.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ƙara wa abin wuta. Ingila da Amurka sun tsinci kansu suna yaƙi da mutanen da ba sa jin yarensu, sai aka shiga horar da matasa cikin gaggawa. Makarantar SOAS da ke Landan, wadda ta daɗe tana koyar da Hausa ma, ta ɗauki ɗalibai a 1942 don wannan aiki. A Amurka, Donald Keene ya koyi harshen ne a rundunar sojan ruwa, daga baya ya zama babban malamin adabin Japan a Jami'ar Columbia, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Japan a 2012. Bayan yaƙi cibiyoyi suka yi ta buɗewa: ta Jami'ar Michigan a 1947, ta Harvard a 1973, Cibiyar Nissan ta Jami'ar Oxford a 1981.

Ita ma Japan ba ta naɗe hannu ba. A 1972 ta kafa Gidauniyar Japan, wadda ke tura malamai da littattafai zuwa jami'o'in waje. A 1987 ta buɗe cibiyar bincike ta Nichibunken a Kyoto, inda masana daga ko'ina ke zuwa su yi nazari.

A nahiyarmu Masar ce a gaba. Jami'ar Alƙahira ta buɗe sashen harshe da adabin Japan a 1974, Jami'ar Ain Shams ma tana da nata. Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu na da cibiyar nazarin Japan. A Ghana kuwa, cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da ke Jami'ar Ghana a Legon an buɗe ta a 1979 da taimakon Japan, don tunawa da Hideyo Noguchi, likitan da cutar shawara ta kashe a Ankara a 1928 yana tsakiyar bincike a kanta.

Harshen: sauƙinsa da wuyarsa

Bahaushe na da wata sa'a a nan. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, irin namu sak. Suna bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke yi: obasan na nufin goggo ko inna, amma in ka ja wasalin ka ce obaasan, to kaka ka kira. Suna ninka baƙi kamar mu: kite na nufin ka zo, kitte kuma kan sarki ne na wasiƙa. Hatta hawa da saukar murya na canza ma'ana, hashi na iya zama gada ko tsinken cin abinci. Abin da ke ba Bature wahala, kunnenmu ya riga ya saba da shi.

Wuyar tana wajen rubutu. Iri uku ake haɗawa a jimla ɗaya. Akwai hiragana mai harafi 46, da katakana shi ma 46, wanda aka fi rubuta baƙin kalmomi da shi. Waɗannan mai himma zai haddace su cikin 'yan makonni. Sai kanji, haruffan da aka aro daga Sin, kowanne da ma'anarsa, kuma yawancinsu ana karanta su ta hanya fiye da ɗaya. Jerin da gwamnati ta fitar a 2010 na amfanin yau da kullum yana da guda 2,136, yaran firamare kuma suna koyon 1,026 cikin shekara shida. Ga shi aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, sai ka jira mutum ya dire kafin ka san ya yi ko bai yi ba. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Japananci cikin harsuna mafi wuya ga mai jin Turanci, ta ƙiyasta sa'o'in aji 2,200.

Akwai kuma keigo, wato harshen girmamawa. Mu kan ce wa babba ku maimakon kai, mu ƙara da ranka ya daɗe. Su kalmar aikatau ɗin ce gaba ɗaya ke canzawa, gwargwadon wanda kake wa magana da wanda kake magana a kansa. Ɗalibai kan ce nan ne gizo ke saƙar.

Abin da ake karantawa a aji

Shekara biyun farko harshe ne ke cin mafi yawan lokaci. Tare da shi ake shiga tarihi: zamanin samurai, mulkin gidan Tokugawa, juyin Meiji na 1868 da ya mayar da ƙasar mai masana'antu cikin ƙanƙanen lokaci, yaƙi da bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 6 da 9 ga Agustan 1945, sai farfaɗowar da ta biyo baya. A adabi ba a tsallake Genji Monogatari, dogon labarin da wata mata 'yar fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta a farkon ƙarni na 11, da gajerun waƙoƙin haiku masu gaɓa 5, 7, 5, da marubutan da suka ci kyautar Nobel, Kawabata a 1968 da Oe a 1994. A addini ana duba Shinto da addinin Buda, nazari ne na sani, ba ibada ba.

Jami'o'i da yawa, musamman na Ingila, sai ɗalibi ya je ya yi shekara guda a wata jami'ar Japan kafin ya kammala. A shekarar ƙarshe ya rubuta kundi. Batun kundin zaɓinka ne, ko da kiwo ne. Misali, ɗan gidan fatauci zai iya duba yadda bayan ɓullar cutar haukar shanu a 2001 Japan ta yi dokar da ta sa kowace saniya ke da lamba mai alƙaluma 10 a kunne, mai sayen nama ya iya bin diddiginta tun daga haihuwa har mahauta. Mu da ake sace mana shanu tsakanin Arewa da kara a Kudu, mun san darajar irin wannan tsari.

Sannan akwai tarukan ilimi: lacca daga baƙin malamai, taron ƙara wa juna sani, da babban taron Ƙungiyar Masu Nazarin Japan ta Turai, wadda aka kafa a 1973.

Bukukuwan al'ada

Wannan ɓangaren ne ya fi jan mutane, kuma galibi ƙofa a buɗe take ko ba ɗan sashen ba ne.

Gasar jawabi ita ce babba. Ɗalibi ya hau mumbari ya yi magana da Japananci na 'yan mintuna, alƙalai su jefa masa tambayoyi. Ofishin jakadanci da kamfanonin Japan kan sa hannu, a wasu ƙasashen ma kyautar farko tikitin zuwa Japan ne.

Shodo shi ne rubutu da burushi da baƙar tawada. Wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara ya yi rubutu a allo zai gane abin nan take, sai dai su tsarin da ake bi wajen jan kowane layi doka ne.

Bikin shayi kuwa ba irin zaman mai shayi na bakin tasha ba ne. Garin koren ganye ake kaɗawa a kwano, kowane motsi da ƙa'idarsa, ana yi cikin natsuwa. Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, shi ake jingina wa tsarin da ake bi yau.

Sauran sun haɗa da ikebana, wato jera furanni, da origami, naɗe takarda ta zama tsuntsu ko kwale-kwale ba almakashi, da bikin Tanabata na 7 ga Yuli, da nuna finafinai, da judo da karate, da sa rigar yukata. Matasa da yawa ta hanyar zanen anime suka fara sha'awar harshen, malamai ma sun daina raina wannan ƙofa.

Abin lura ga ɗalibi Musulmi: ranar girki a tambaya kafin a ci. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma suna zuba mirin da sake a miya, dukansu da giya a ciki. Faɗin haka ba abin kunya ba ne. A can Japan ɗin ma akwai masallatai, na Kobe tun 1935 yake tsaye, ga kuma babban masallacin Tokyo Camii.

Jarrabawa da tallafin karatu

Takardar da ake tambaya a ko'ina ita ce ta JLPT, wadda aka fara a 1984. Mataki biyar ne, daga N5 na 'yan koyo zuwa N1 na ƙwararru. Ana yin ta ranar Lahadin farko ta Yuli da ta Disamba, wasu ƙasashen sau ɗaya kawai a shekara. Maki 180 ne duka, ana cin N5 da 80, N1 da 100, amma kowane sashe na da mafi ƙarancin makinsa, in ka faɗi ɗaya ka faɗi duka. Kamfanoni galibi N2 suke nema.

Tallafin gwamnatin Japan, wanda aka fi sani da MEXT, ya faro tun 1954. Yana biyan kuɗin makaranta da tikitin jirgi da alawus na wata-wata. Akwai na digirin farko, wanda ke farawa da shekara guda ta koyon harshe, akwai na masu bincike, akwai na malaman makaranta, akwai kuma na shekara ɗaya ga wanda dama Japananci yake karantawa a jami'arsa. A Najeriya ta ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ake nema, da jarrabawa da ganawa ido da ido. Sai shirin ABE, wanda Firaminista Shinzo Abe ya sanar a taron TICAD na 2013 a Yokohama, na digiri na biyu haɗe da sanin makamar aiki a kamfani, hukumar JICA ke kula da shi. A tuna cewa shekarar karatu a Japan a Afrilu take farawa, kuma ɗalibin waje mai izinin aiki ba ya wuce sa'a 28 a mako lokacin da makaranta ke ci.

Hattara da 'yan damfara

A watan Agustan 2025, lokacin taron TICAD na tara, JICA ta haɗa birnin Kisarazu da Najeriya a wani shirin zumunci. Nan da nan labari ya bazu cewa za a buɗe wa 'yan Najeriya biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta fito ta ƙaryata, a watan Satumba kuma JICA ta janye shirin baki ɗaya. Amma irin wannan ji-ta-ji-ta ba ta mutuwa da wuri a WhatsApp, kuma da ita ake yi wa iyaye romon baka. To, a sani: neman MEXT kyauta ne, ba a sayar da fom, ba dillali a tsakani. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sama wa yaro gurbi, ko ya ce a sayar da sa biyu a ba shi, a kama kunne. A duba shafin ofishin jakadanci da kai, ko a sa wanda ya iya ya duba.

Me mutum zai yi da wannan karatu?

Tafinta da fassara, koyarwa, aikin diflomasiyya, aiki da kamfanonin Japan ko ayyukan JICA, da cinikin motoci da kayan gyara kai tsaye ba sai ta hannun wani ba. Gaskiyar magana, guraben ba su da yawa a ƙasar nan, don haka wanda ya haɗa harshen da wata sana'a, injiniya ko likitan dabbobi ko lissafin kuɗi, ya fi mai harshe zalla samun shiga.

Yaranmu na Sabo da Agege da Lokpanta sun tashi da Hausa a gida, Yarbanci ko Ibo a kasuwa, Turanci a makaranta, Larabci a Islamiyya. Wanda ya riga ya ɗauki harshe huɗu, na biyar ba zai gagare shi ba. Mai sha'awa ya fara da hiragana 46 ɗin nan a wayarsa, ya gyara sakamakon WAEC ɗinsa, musamman lissafi da Turanci, ya riƙa leƙa sanarwar ofishin jakadanci daga watan Afrilu. Allah ya sa mu dace.