Daga Sabon Birni da Isa zuwa gaɓar teku: yadda ake shirya ɗan gajeren hutu da kuɗi kaɗan

Mutanen ƙasar Gobir sun daɗe da sanin hanyar kudu. Tun zamanin fatake suke bin sawun goro, kuma har yau da zarar an kammala girbi matasa daga Sabon Birni da Isa da ƙauyukansu kan ɗauki hanyar Legas domin cin rani.

Sai dai akasarin masu wannan tafiya nema ne ke kai su. Mutum kan yi watanni a Agege ko Mile 12 ya dawo gida bai taɓa tsayawa a bakin tekun Atlantika ba.

Wannan bayani na wanda yake son ya je ya ga teku karon farko ne, shi kaɗai ko da iyalinsa, ya yi kwana biyu ko uku, ya dawo ba tare da ya ci bashi ba.

Ina za a nufa?

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, daga iyakar Jamhuriyar Benin zuwa iyakar Kamaru. Ga mutumin jihar Sakkwato, Legas da Badagry su ne suka fi sauƙin kaiwa, domin akwai motocin haya da ke zuwa Legas kai tsaye daga birnin Sakkwato, kuma akwai Hausawa mazauna can da za su karɓi baƙo.

A cikin Legas an samu sauye-sauye. Filin shaƙatawar Bar Beach, wanda tsofaffin 'yan ci-rani suka sani, an cike shi da yashi domin gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. A watan Afrilun 2024 kuma aka rushe gine-ginen bakin ruwa na Landmark saboda aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba.

Wuraren da suka rage a yankin Lekki galibi suna hannun 'yan kasuwa, ana biyan kuɗin shiga, sannan a biya na kujera da na rumfa daban.

Tarkwa Bay, wanda ake zuwa ta jirgin ruwa daga tsibirin Legas, ruwansa ya fi kwanciya saboda katangar duwatsun da ke kare mashigar tashar jiragen ruwa.

Badagry tana yamma da Legas, a kan hanyar iyakar Seme. Ba ta da cunkoson birni, masauki da abinci sun fi araha, kuma nan ne aka fi samun abin gani na tarihi.

Alaƙar Badagry da ƙasar Sakkwato

A Badagry ne Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a ƙarshen shekarar 1825, ya kamo hanya ta ƙasa har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a watan Afrilun 1827.

Garin ya kasance ɗaya daga cikin tashoshin cinikin bayi. Yaƙe-yaƙen da suka ɓarke a ƙasar Hausa daga 1804, waɗanda suka kai ga faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, sun sa an kama mutane da dama. Wasu daga cikin waɗanda aka kama a wancan zamani an yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har gaɓar teku, aka tsallaka da su jihar Bahia ta ƙasar Barazil.

A can ne Hausawa bayi suka shirya bore a 1807, kuma wasunsu suka shiga tawayen Musulmi na watan Janairun 1835 a birnin Salvador.

Kangon Alƙalawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Saboda haka Bagobirin da ya tsaya a tsibirin Gberefu, wurin da ake ce wa mashigar da ba a dawowa, yana kallon wani ɓangare ne na tarihin gidansu.

Sauran wuraren ziyara sun haɗa da gidan ajiye bayi na Seriki Williams Abass, wanda ya zama Sarkin Musulmin Badagry, ya rasu a 1919, da gidan adana kayan tarihi na garin, da kuma benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake yi wa laƙabi da bene na farko a Nijeriya.

Lokacin da ya fi dacewa

Damina a Legas ta fi ta Sakkwato tsawo nesa ba kusa ba. Ruwa kan fara tun watan Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. A wannan lokaci teku kan yi haushi, tituna su cika da ruwa.

Hanyar ma ba ta da tabbas da damina. A ƙarshen watan Mayun 2025 ambaliya ta halaka mutane fiye da 150 a Mokwa ta jihar Neja, garin da motocin Sakkwato zuwa Legas ke ratsawa.

Rani kan kama daga Nuwamba zuwa Maris, wanda ya zo daidai da lokacin da manomi ya shigar da gero da wakensa rumbu.

Amma a guji rabin ƙarshe na Disamba. Lokacin ne mazauna ƙasashen waje ke dawowa bukukuwan ƙarshen shekara, kuɗin mota da na otal su yi tashin gwauron zabi. Haka nan kwanakin da ke gab da Sallah ƙarama da babba.

Watan Nuwamba, da tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu, su ne suka fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi.

Fita daga gida

Zangon farko shi ne mafi haɗari. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suna addabar gabashin jihar Sakkwato da arewacin Zamfara. A watan Disamban 2021 sun cinna wa wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni wuta a kusa da ƙauyen Gidan Bawa, mutane fiye da 20 suka rasa rayukansu.

Daga Sabon Birni ana bi ta Goronyo zuwa Sakkwato. Daga Isa akwai hanyar Marnona wadda ta ratsa dajin Gundumi, akwai kuma ta Shinkafi da Ƙauran Namoda zuwa Gusau.

Wadda ta fi aminci a cikinsu kan sauya daga mako zuwa mako. Direbobin tasha su ne suka fi kowa sanin halin da ake ciki, don haka a tuntuɓe su ana gobe tafiya, a sake tambaya da safiyar ranar.

A tashi bayan gari ya waye sosai, a bi ayarin motoci, kada a yarda yamma ta yi a daji. Idan labarin hanya bai yi daɗi ba, a ɗage tafiyar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Daga Sakkwato zuwa Legas

Tazarar ta kai kimanin kilomita 1,000. Hanyar ta bi ta Jega da Yawuri da Kwantagora da Mokwa, ta tsallake kogin Kwara a gadar Jebba, sannan Ilori da Ogbomosho da Oyo da Badun. Yawanci yini da kwana ake yi.

A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sabuwar hanya mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela zuwa Badagry. Har sai an buɗe ta baki ɗaya, tsohuwar hanyar ce abin dogaro.

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi ƙwarai, kuma farashin yakan motsa. A ji kuɗin zuwa da na dawowa daga bakin 'yan kamasho kafin a yi lissafi.

A shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunayen fasinjoji. Hawa tirelar shanu ko ta albasa ya fi araha, amma haɗarinsa ya fi ribarsa, kuma bai dace da mai iyali ba.

Akwai jirgin sama daga filin Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato, sai dai kuɗinsa ya ninka na mota sau da dama. Wanda yake son ya ɗanɗana jirgin ƙasa yana iya sauka a Badun ya shiga sabon layin Badun zuwa Legas da aka buɗe a watan Yunin 2021.

Takardu da abin da ba a ɗauka

A riƙe katin shaidar ɗan ƙasa ko takardar lambar NIN, domin shingayen bincike suna da yawa.

Kada a ɗauki wuƙa ko adda ko wani abu mai kama da makami, ko da al'adar gida ce. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan arewa a garin Uromi na jihar Edo bayan an ga bindigogin farauta a motarsu.

Kasafin kuɗi

Hanya mafi sauƙi ita ce a kasa kuɗin gida biyar: mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, zirga-zirgar cikin gari da kuɗin shiga wurare, sai kuma ajiyar ko-ta-kwana.

Kuɗin komawa gida shi ne na farko da za a ware, a bar shi a asusun banki, kada a taɓa shi kome daɗin wuri. Tsabar da za a riƙe a raba ta aljihu biyu ko uku. Sauran a riƙa cira kaɗan-kaɗan wurin masu POS.

Masauki ne ke cin kuɗi fiye da komai bayan mota. Wanda yake da ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago ya sanar da shi tun da wuri, ya kuma tafi masa da tsaraba. Wanda ba shi da kowa yana iya neman shawara a fadar Sarkin Hausawan unguwa ko wurin limamin masallaci.

Mai iyali zai fi samun sutura a ƙaramin otal. A duba ɗaki da ruwa da wuta da makulli kafin a biya.

Guzuri na rage kashe kuɗi: ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, garin kwaki da sukari. A unguwannin Hausawa ana samun tuwo da shinkafa da shayi da burodi a farashin da bai kai na bakin ruwa ba.

Tafiyar mutum uku ko huɗu ta fi sauƙi, domin za a raba kuɗin ɗaki da na kwale-kwale da na ɗan jagora. Wasu kan shiga adashi tun damina domin wannan.

Zirga-zirga a cikin Legas

Tun watan Yunin 2022 aka haramta acaɓa a ƙananan hukumomi da dama na birnin, ciki har da Ikeja da Apapa da Eti-Osa da tsibirin Legas.

Motocin BRT da jiragen ƙasa na cikin gari suna amfani da katin biya mai suna Cowry. Layin da aka buɗe a Satumban 2023 yana tashi daga Marina zuwa Mile 2, inda ake samun motocin Badagry. Wanda aka buɗe a Oktoban 2024 kuma ya bi ta Agege zuwa Oyingbo.

A fita da sassafe, domin cunkoson motoci kan cinye rabin yini.

Teku ba gulbi ba ne

Wanda ya iya iyo a gulbin Rima ko a madatsar ruwa ta Goronyo kada ya ɗauka ya san teku. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana da ƙarfi, kuma akwai wani jan ruwa da ke komawa ciki da sauri, wanda ke iya kwashe ƙafar babban mutum a inda ruwa bai wuce ƙugu ba.

Baƙo kada ya wuce inda ruwa ya kai gwiwa, kada kuma ya juya wa teku baya. Doguwar riga da zane kan yi nauyi idan sun jiƙe. A riƙe hannun yara a kowane lokaci.

Idan ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu neman taimako, in ya iya iyo ya yi gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga cikin jan.

A jirgin ruwa a sa rigar kariya, a ƙi shiga wanda aka yi wa lodi fiye da kima, a kuma dawo kafin faɗuwar rana.

Sauro ya fi yawa a kudu, saboda haka gidan sauro na cikin kayan tafiya. A sha ruwan leda ko na gora kawai.

Ibada da kamun kai

A mazhabar Malikiyya tafiya irin wannan ta wuce nisan ƙasaru. Matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana ci gaba da yin ƙasaru a masaukinsa.

Alƙibla daga Legas ta fi karkata arewa maso gabas idan aka kwatanta da Sakkwato, don haka a tambaya ko a duba a waya. Babban masallacin Legas yana titin Nnamdi Azikiwe, kuma ba nisa da shi akwai masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894.

Kifi da jatan lande da ƙaguwa duk halal ne a Malikiyya. Sai dai a ƙarshen mako wasu wuraren kan cika da kiɗa da shaye-shaye. Mai son natsuwa ya je ranar aiki da hantsi.

Ga mai son tsallaka iyaka

Daga Badagry zuwa Seme tafiya ce kaɗan, daga nan sai Kwatano, inda akwai unguwar Zango ta Hausawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Nijeriya damar zama har kwana 90 ba tare da biza ba, amma ana bukatar fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin allurar rigakafin shawara.

Darajar naira ta faɗi a kan sefa tun 2023, don haka wannan ƙari zai fi dacewa da tafiya ta biyu.

Tsarin kwanaki

Kwana shida zuwa bakwai sun isa. Ranar farko a isa Sakkwato, a kwana idan ta kama. Ta biyu a hanya. Ta uku a huta a zaga tsibirin Legas, ta huɗu a wuce Badagry a kwana, ta biyar a tsallaka Gberefu da safe.

Wajen dawowa a daidaita lokaci yadda za a shiga Sakkwato da safe ko a kwana a can, domin zangon ƙarshe zuwa Sabon Birni ko Isa ya kasance da rana tsaka. A bar wa na gida sunan tasha da lambar mota da ta direba, a kuma riƙa sanar da su a kowane zango.