Jirgin Katako da Hanyar Alhazai

Zuwana na farko gidan tarihin jiragen sojan sama na Birtaniya da ke Hendon, a arewacin Landan, ina saurayi ne, ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya ba, aka turo mu kwas. A lokacin manya kawai idona ke gani. Na tsaya ƙarƙashin Lancaster mai inji huɗu har wuyana ya ƙage, na zagaya Vulcan ina lissafin ma'aikata nawa za su iya da ita. Daga baya na sha komawa, kullum kuma wurin manyan nan nake zarcewa, tsofaffin jiragen yadi da katako kuwa sai in wuce su kamar mai wuce tsohuwar rumfa a kasuwa.

Bara na koma bayan na ajiye sifana, gwiwa ta hana ni sauri. Na nemi wurin zama, sai ga ni gaban wani jirgi mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. DH.9A ne, lambarsa F1010. Ina karanta sunan gabana ya faɗi, domin duk wanda ya yi aiki a filin jirgin Kano ya san shi. Irinsa ne guda uku suka sauka a filin sukuwar Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka taso ranar 27 ga Oktoba.

Shi wannan na Hendon bai taɓa ganin Kano ba. Nizam na Hyderabad ne ya biya kuɗinsa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa suka kama shi a Oktoban 1918, ya zauna a Balin, yaƙi na biyu ya tura shi ƙasar Folan, ya ƙare a Krakow, sai a 1977 ya dawo Ingila ta hanyar musaya da jirgin Spitfire. Amma ƙira ɗaya ce da na Kano, don haka na tashi na dube shi yadda nake duba jirgin da zan sa wa hannu kafin ya tashi.

Injinsa Liberty ne, ƙirar Amurka, silinda 12, ƙarfin doki 400, kuma da ruwa yake hucewa. Nan hankalina ya tsaya. Injin da ke rayuwa da ruwa, a kai shi sararin Darfur da rana tsaka! Shi ya sa jiragen da suka yi aiki a ƙasashen zafi ake ƙara musu lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci, a kuma ɗaura musu tayar safaya a jiki, don ƙaya da tsakuwa ba sa raga wa taya. Fiffiken yadi ne da aka ja ya yi tauri kamar fatar ganga. Wayoyin nan kuma ba ado ba ne, kowace da nata ja, in ɗaya ta saki fiffike ya karkace, matuƙi zai ji a hannunsa. Akwai mai aikin da sana'arsa ke nan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya kowace safiya. Ni da na saba da aluminiyam da kwamfutar da ke gaya mini inda ciwo yake, sai na ji girman mutumin nan ya cika mini ido.

Man da ke cikinsa kuwa awa biyar da ɗoriya yake kaiwa. Ke nan tafiyar kwana shida ba ta yiwuwa sai an riga an kai fetur kowane zango, an sare ƙirare, an share fili, an cike ramuka. Da na jera zangunan a raina, Khartum, El Fasher, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, Maiduguri, Kano, sai na ga ai hanyar alhazai ce aka biyo ta baya. Ita ce kakanninmu ke bi da ƙafa da jaki, ta Borno da Wadai da Darfur, wasu su shekara bakwai kafin su ga Makka, wasu su zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. Rijiyoyi da garuruwan da suka rayar da matafiyi su ne suka sa jirgi ya samu wurin sauka.

Hanyar ba ta mutu ba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. Daga Satumban 1940, da yaƙi na biyu ya mai da Bahar Rum tarko, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri har Masar. Fiye da 5,000 suka bi ta nan. Hurricane mai inji ɗaya ba ta da mai duba taswira, don haka sai Blenheim ta shige gaba su bi ta a jere, kamar madugu da ayarinsa. Wanda ke karɓarsu a hamadar Masar daga 1941, a matsayin kwamandan rundunar sama ta can, shi ne Coningham ɗin da ya sauka a filin sukuwa.

Na taka a hankali zuwa wurin Hurricane, wadda na sha wucewa ban ɗauka da wata alaƙa tsakaninmu ba. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin hancinta, inda ake ɗaura wa na hamada babbar matatar iska, ina tuna yadda hazon hunturu ke cin inji a Kano, da yawan safiyar da muka buɗe filta muka tarar da ita ja wur da ƙura.