Rabe-raben Bairas na Dabbobi: Wane Rabo Ne Ke Kare Garke?

Tun 1966 da aka kafa kwamitin duniya mai rarraba bairas, wato ICTV, masana ke jera waɗannan ƙwayoyin cuta dangi-dangi, jinsi-jinsi. Aiki ne mai amfani. Sai dai hujjar wannan maƙala ita ce, a wurin likitan dabbobi da makiyayi sanin jinsi kaɗai bai wadatar ba. Rabon da ke ƙarƙashin jinsi shi ke nuna ko allurar rigakafi za ta ci, kuma shi ma ba kowanne ke da nauyi ɗaya ba.

A ɗauki ciwon baki da kofato. Shi ne cutar dabbobi ta farko da aka tabbatar bairas ke haddasawa, a binciken Loeffler da Frosch a Jamus a 1898. Jinsinsa ɗaya ne, amma a 1922 Vallée da Carré a Faransa suka lura cewa saniyar da ta warke tana iya sake kamuwa ba da jimawa ba. Da haka suka bambance nau'in O da nau'in A. Daga baya aka gano C, sai SAT1 da SAT2 da SAT3 daga kudancin Afirka, sannan Asia 1. Bakwai ke nan, kuma garkuwar da jiki ya samu a kan ɗaya ba ta tare sauran. Ma'aunin wannan rabo jinin dabba ne: shin garkuwar da ke cikinsa tana kashe kaifin bairas ɗin ko a'a? Ko cikin nau'i guda akwai rassa, waɗanda ake ganewa ta jerin ƙwayoyin gado na furotin VP1, kuma a nau'in A da SAT2 rassan kan yi nisa da juna har allurar wani ta yi rauni a kan wani.

Cutar PPR ta awaki da tumaki, wadda aka fara bayyanawa a Kwaddibuwa a 1942, akasin haka take. Ta ma'aunin gado zuriya huɗu gare ta, amma ta ma'aunin garkuwa nau'i ɗaya ce tak. Shi ya sa allurar da aka samar daga samfurin Nigeria 75/1 take kare dabba daga duka huɗun. Amfanin sanin zuriya a nan shi ne bin sawu: da shi aka ga yadda zuriya ta huɗu, da aka fi sani da Asiya, ta bazu a Afirka. Cutar bushiya ma nau'i ɗaya ce, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka iya kawar da ita, aka yi shelar hakan a 2011.

Wani zai ce karanta ƙwayoyin gado ya yi sauƙi da sauri yanzu, don haka ya isa. Ban yarda ba. Jerin gado yana faɗin inda bairas ya fito da danginsa. Ba ya ba da tabbacin cewa allurar da ke hannu ta dace da shi. Wannan sai an gwada bairas ɗin da jinin dabbar da aka yi wa allura, irin aikin da cibiyar Pirbright ta Ingila take yi.

A Najeriya an tabbatar da nau'o'in ciwon baki da kofato na O da A da SAT1 da SAT2, ga shanu na ƙetare iyakokin Nijar da Chadi da Kamaru kowace kaka. Sayen allura ba tare da sanin wane nau'i ke yawo ba ɓarnar kuɗi ce, kuma tana sa makiyayi ya yanke ƙauna daga rigakafi baki ɗaya. Ya kamata gwamnatocin jihohi su ware kuɗin ɗaukar samfuri a duk lokacin da cutar ta ɓulla, a aika da shi cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kafin a sa hannu a kan kwangilar allura.