Daular Fartiya

Daular Fartiya, wadda Turawa ke rubutawa Parthia, tsohuwar daula ce da ta mulki ƙasar Iran da Iraƙi da wasu yankunan da ke maƙwabtaka da su daga shekara ta 247 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa shekara ta 224 Miladiyya. Ana kuma kiran ta Daular Arshakawa, da sunan Arshak, sarkinta na farko. A lokacin da ta fi ƙarfi, iyakarta ta kama daga Kogin Furat a yamma har zuwa yammacin Afganistan na yau. Kusan shekara ɗari uku ita ce babbar kishiyar Daular Rum a gabas.

Asali da bunƙasa

Fartiya sunan wani lardi ne da ke arewa maso gabashin Iran da kudancin Turkmenistan. Bayan mutuwar Iskandar na Makidoniya, lardin ya faɗa hannun Salukawa, zuriyar ɗaya daga cikin sarakunan yaƙinsa. Arshak kuwa shugaban Farni ne, wata ƙabila ta makiyaya mahaya dawaki da ke gabashin Tekun Kasbiya. Ya ƙwace lardin daga hannun gwamnansa, wanda shi ma ya riga ya yi wa Salukawa tawaye. Farni suka zauna a ƙasar, suka ɗauki harshenta da sunanta.

Wanda ya mayar da wannan ƙaramar masarauta daula shi ne Mihirdad na Ɗaya. Ya ci ƙasar Midiya, sannan a shekara ta 141 kafin Miladiyya ya shiga birnin Salukiya da ke bakin Kogin Dijla. Mihirdad na Biyu ya ƙara faɗaɗa ta, ya kuma buga laƙabin Sarkin Sarakuna a kan kuɗinsa. Fadar sarakunan ta yi ta ƙaura, daga Nisa kusa da Ashgabat na yanzu, har ta tabbata a Tisfun, kudu maso gabashin Bagadaza, wurin da Larabawa suka kira Mada'in.

Tsarin mulki

Sarkin Fartiya bai riƙe ƙasarsa da hannu ɗaya ba. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan sarakuna a wurare kamar Hatra da Adiyabin da Farisa, waɗanda ke yi masa mubaya'a, su kawo haraji da dakaru, amma su ci gaba da mulkin jama'arsu, wasunsu har da buga kuɗin kansu. Akwai kuma manyan gidajen sarauta, kamar gidan Suren da gidan Karen, masu filaye da rundunoni nasu. Gidan Suren ne ke da hurumin ɗora wa sabon sarki kambi.

Wannan sassaucin ya sa daular ta yi wuyar rushewa. Rumawa sun ci Tisfun a shekarun 116 da 165 da 198 Miladiyya, amma kowane lokaci sai su tarar cin fadar bai ba su ƙasar ba. Shi ne kuma ya jawo mata yawan rikicin gado, domin duk ɗan gidan Arshak da ya samu goyon bayan manya yana iya neman sarauta. Farhad na Huɗu ya kashe mahaifinsa da 'yan'uwansa don ya tabbata a kan gado, shi kuma matarsa Musa, baiwar da Sarkin Rum Agustus ya aiko masa kyauta, ta ba shi guba don ɗanta ya hau.

Yaƙi da Rumawa

Yaƙin da ya fi shahara shi ne na Harran, a kudancin Turkiyya ta yau, a shekara ta 53 kafin Miladiyya. Kirasus, attajirin Rum, ya ƙetare Furat da mayaƙa wajen 40,000, galibinsu 'yan ƙasa. Sarkin yaƙin Fartiya, Surena, ya tare shi da mahaya kimanin 10,000 kawai. Dubu ɗaya daga cikinsu barade ne masu dogayen masu, su da dawakinsu cikin sulke, kamar 'yan lifidi sai dai nasu na ƙarfe ne. Sauran 'yan baka ne a kan dawaki marasa nauyi.

Dabararsu ita ce su sukwano, su yi ruwan kibau, su juya kamar masu gudu, sa'an nan mahayi ya waiwayo a kan doki ya harbi mai bin sa. Aiki ne na gwanaye, domin a zamanin ba su da likkafa. Rumawa suka yi ta jiran kibau su ƙare, ba su san Surena ya tanadi ayarin raƙuma ɗauke da wasu ba. Marubucin Girka Fulutak ya ce an kashe Rumawa 20,000, an kama 10,000. Kirasus ya mutu a wurin tattaunawar sulhu. Shi kuwa Surena bai ci moriyar nasararsa ba, don ba da daɗewa ba Sarki Urud na Biyu ya sa aka kashe shi saboda kishi.

Yawancin yaƙe-yaƙen da suka biyo baya a kan Armeniya aka yi su. A shekara ta 63 Miladiyya aka daidaita cewa ɗan gidan Arshak zai yi sarautar Armeniya, amma Sarkin Rum ne zai naɗa shi.

Kasuwanci da al'adu

Hanyar fataken alharini daga Sin zuwa Rum ta ratsa ƙasar Fartiya, kuma sarakunanta sun ci ribar tsayawa a tsakani. Sinawa suna kiran ƙasar Anshi, daga sunan Arshak. A shekara ta 97 Miladiyya wani jakadan Sin mai suna Gan Ying ya iso yankin da niyyar zuwa Rum, sai aka tsorata shi da nisan tafiyar teku, ya koma.

Da farko sarakunan suna rubuta kuɗinsu na azurfa da harshen Girka, har suna kiran kansu masoyan Girkawa. Daga ƙarni na ɗaya Miladiyya rubutun Fartiya, wanda aka aro daga baƙaƙen Aramiya, ya fara bayyana a kan kuɗin. Galibin sarakunan sunan Arshak suke bugawa a maimakon nasu, abin da ke wahalar da masu bincike har yau.

Addinin gidan sarauta wani nau'i ne na Majusanci, amma Yahudawa da Kiristoci da masu bautar allolin Babila da na Girka duk sun zauna a ƙasar. A fannin gini, a zamaninsu ne iwan ya yaɗu, wato babban zaure mai rufin baka wanda gefensa ɗaya ke buɗe, kuma daga baya ya shiga ginin masallatan Iran. Adabinsu na baka ne, a hannun mawaƙan da ake kira gosan. A kangon Nisa an tono ƙahonin sha na hauren giwa da sakaina fiye da 2,000 masu ɗauke da lissafin giyar da aka kawo rumbun sarki. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2007.

Faɗuwa

Ba Rumawa ne suka kawo ƙarshen daular ba. Ardashir, sarkin Farisa da ke ƙarƙashinta, ya yi tawaye, ya kashe Ardawan na Huɗu a yaƙin Hurmuzdagan a shekara ta 224, ya kafa Daular Sasaniyawa. Wani reshen gidan Arshak ya ci gaba da sarautar Armeniya har 428.

Sasaniyawa ba su yi wa waɗanda suka gada adalci ba. Lissafinsu ya rage shekarun Arshakawa zuwa kusan rabi, kuma malaman tarihi na Musulunci irin su Ɗabari sun gaji wannan kallon, suna kiran zamanin da sunan Mulukuɗ Ɗawa'if, wato sarakunan ɓangarori. Saboda haka yawancin labarinsu daga alƙalamin Girkawa da Rumawa da Sinawa aka samo shi, sai kuma tsabar kuɗi da kangaye. Sunansu dai ya saura a harshen Farisanci: kalmar pahlawan, mai nufin jarumi ko ɗan kokawa, asalinta Bafartiye ce.