Baƙin da Ke Cikin Sunan Cooper Black

Duk wanda ya taɓa buɗe jerin salon rubutu a kwamfuta don tsara katin biki ko tallar shago, da wuya bai ci karo da Cooper Black ba. Haruffa ne masu ƙiba, ɓul-ɓul da su, babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya, kamar ƙullin fulawa da aka bari ya tashi. Ɗigon da ke kan i ya ɗan miƙe kamar ƙwai, cikin o kuwa ya jingina baya. Ina son haruffan nan, amma sunansu ne ya fara tsayar da ni.

Rabin farko ba shi da wuya. Oswald Cooper mai zanen haruffa ne da ya yi aiki a Shikago ta Amurka, an haife shi a 1879, ya rasu a 1940. Kamfanin Barnhart Brothers & Spindler ne ya fitar da wannan zane nasa a 1922, domin masu talla da ke son a hango saƙonsu daga nesa.

Rabi na biyu ne ke ruɗar mutane. Black a Turanci baƙi ne, amma a bakin ma'aikatan maɗaba'a ba launi ake nufi ba, kauri ake nufi. Suna jera haruffa daga siriri zuwa matsakaici zuwa mai kauri, wanda ya kai maƙura a ƙiba shi suke kira baƙi, saboda yana shan tawada har farin takarda ya kusa ɓacewa. Shi ya sa kamfanin jiragen sama na easyJet ke rubuta sunansa da Cooper Black cikin ruwan lemo da fari, kuma sunan haruffan bai canza ba. Cooper ya riga ya zana wasu haruffa marasa nauyi da ke ɗauke da sunansa, wannan shi ne ƙatonsu.

A nan kunnen Bahaushe ya riga na wasu kama zancen. Mu ma baƙi muke ce wa harafi, jam'insa baƙaƙe, kishiyarsa wasali. Yaro a makarantar allo da babbaƙu yake farawa, wato haruffa tsura, kafin ya shiga farfaru inda ake ɗora musu wasulla. Wanda ya taɓa duba rubutun Alƙur'ani na hannu ya ga yadda ake zana jikin harafi da baƙar tawada, a zo da ja a sa wasulla. Hanyoyin biyu ba su haɗu a tarihi ba, amma duka daga tawada suka taso: maɗaba'ar Turawa ta auna yawanta, malamanmu suka duba launinta.

Akwai wata kalmar da nake ganin mun yi saurin ara, wato font. Asalinta daga Faransanci ne, ma'anarta narkar da ƙarfe a zuba a mazubi, domin a zamanin Cooper kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da aka zuba daga dalma da gaurayenta. To ai muna da zubi. Masu tukwanen dalma zubi suke yi, kuma idan muka ce mutum yana da zubin mahaifinsa, siffa muke nufi. Kalma ɗaya ta ɗauki aikin da kamannin gaba ɗaya. A ganina "zubin haruffa" ya fi "salon rubutu" dacewa, don salo ya fi karkata ga yadda marubuci ke sarrafa magana.

Sai laƙabin retro da ake manna wa Cooper Black yau, wato abin da ke waiwayen baya. Wannan suna ne da 'yan baya suka raɗa. A 1922 sabo ne fil, har ya sa abokan gasa fitar da nasu, irin su Goudy Heavyface na 1925. Tsufan da ake ji a jikinsa ma ba na shekarun haihuwarsa ba ne. Ya sake tashe ne bayan ya hau bangon faifan Pet Sounds na mawaƙan Beach Boys a 1966, ya bazu a kan riguna cikin shekarun 1970, ya zama rubutun sunan Garfield, magen nan ta zanen barkwanci. Ƙuruciyar wannan zamani Ba'amurke ke tunawa idan ya gan shi. Mai shago a Kano kuwa ba ya waiwayen komai, ƙiba da fara'ar haruffan kawai ya gani.

Amfanin Cooper Black a kanun labari ne da allon talla da kwalin kaya. A cika shafi da shi, ido zai gaji tun kafin sakin layi na biyu.

Abin da ke damuna ɗaya ne. Cooper ya yi zanensa don Turanci, kuma zubin da ke zuwa a yawancin kwamfutoci ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Ka rubuta "baƙi" da shi, sai kwamfuta ta aro siririyar ƙ daga wani zubin ta cusa a tsakiyar ƙattan haruffa, ko mai zanen ya haƙura ya sa k, kalmar ta koma baki. Lanƙwasar ƙ za ta zauna daram a jikin haruffa masu taushi irin waɗannan, kuma ina fatan mai zanen da zai ɗora ta ya fito daga cikin masu furta ta.